Abin da aka ce kan fim ɗin Japan na 'yan makaranta masu kiran aljani

Na tattaro ra'ayoyin jama'a:

1. Kusan kowa ya ce wasan Kokkuri, wato wasan kiran aljanin, ne ya fi sa tsikar jiki tashi: takarda mai haruffa, kwabon yen 10 (kuɗin Japan) a kai, ɗalibai sun ɗora yatsu, kwabon na tafiya da kansa. Dokar wasan, ba a ɗage yatsa sai an sallami aljanin.
2. A kalla da rubutacciyar fassara, kuma ban da yara.
3. An rabu kan tafiyar labarin. Wasu sun ce yana jan ƙafa, wasu suka ce shirun nan na ajin da babu kowa shi ne tsoron. Ni dai ina bayan na biyun.
4. Ƙarshensa kuwa har yanzu ana musu.