Lada ne ko Kyauta? Musayar Waƙa daga Zangon Kumasi

Dattijo daga Aboabo ya buɗe zance:

Na tsufa ina sayar da goro, na san ka'idar ciniki tun fari,
Duk wanda ya ɗauki kaya a kasuwar Kejetia ana biyansa ne bisa tsari.
To, yaya a Matiyu sura 20 mai gonar inabi ya ba kowa dinari,
Da wanda ya zo da asuba, da wanda ya zo ana shirin barin wuri?
Ku warware mini, gama zuciyata tana gardama da wannan alheri.

'Yar'uwa daga Asawase ta amsa:

Baba, da a ce da mudu za a auna mana sakamakon aikinmu,
Da babu mai tsira, gama Romawa 3:23 ta ce mun yi zunubi dukanmu.
Manzo Bulus ya shaida wa Afisawa cewa ceto kyautar Allah ce da muka samu,
Domin kada wani ya yi fahariya, babba ko ƙarami a cikinmu.
Ka dubi ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu Ubangijinmu,
Hannuwansa suna kafe, bai iya sadaka ko baftisma irin tamu,
Amma ya sami alkawarin Firdausi a ranar, daga bakin Mai Cetonmu.

Matashi daga Tafo ya shigo:

Yaya, ina tsoro kada malalaci ya mai da maganar nan mafaka,
Ai Yaƙub ya ce bangaskiya matacciya ce in babu ayyuka.

Mai wa'azi ya amsa masa:

Ɗana, tambayarka ta daɗe, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.
Wani malami, Felagiyus, ya jingina ceto ga ƙoƙarin mutum, koyarwar da bishop Agustin ya ƙi amincewa da ita,
A shekarar 418 majalisar shugabannin ikilisiya ta zauna a birnin Kartaj, ta soke koyarwar, ta haramta.
Bishiyar goro ba ta yin 'ya'ya domin ta sayi ruwan da ya shayar da ita,
Ruwan ne ya fara sauka, sa'an nan 'ya'yan suka bayyana a rassanta.

Dattijon ya dawo:

Malam, ka taɓa ni, gama bara wata yarinya mai dako ta zame a damina,
Huhun gorona ya faɗi cikin laka, na hana ta kuɗinta saboda fushina.
Ni da aka yafe wa bashin da ya fi ƙarfin dukan dukiyata da kwanakina,
Gobe da sassafe zan neme ta a Kejetia, in roƙi gafara da bakina.