Ƙwayoyin tsoka sun ƙi jeruwa a kan ragar PCL ɗina, a taimaka

Ɗalibar_Mastas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya taɓa haɗa sikafol na tsoka, wato ragar zaren roban nan da ake shuka sel (ƙwayoyin halitta) a kai, ya agaza min, wata biyu kenan ina fama. Ina saƙa zaren PCL, wata irin roba da ke ruɓewa a jiki a hankali, da na'urar lantarki, ina narkar da kashi 12 cikin sinadaran kulorofom da ɗan DMF, kilobolt 15, zaren yana sauka kan farantin alminiyam a shimfiɗe. In na zuba C2C12, wato sel ɗin tsokar ɓera, rabi ba sa ma kamawa sai yawo a ruwa, waɗanda suka kama kuma kowa ya kalli inda ya ga dama kamar an watsa wa kaji gero, ga malamina ya matsa sai ya ga dogayen zaruruwan tsoka a jere kafin zangon nan ya ƙare. Na farko ma otokilef, tukunyar nan mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi, na saka shi, na buɗe na tarar ya narke kamar ledar da ta taɓa murhu, kuka ne kawai ban yi ba.

Injiniyan_Folima:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata farantin nan shi ne ya cuce ki. Ki duba tsokar naman miya in kin yage ta, ai silin-silin take a jere, su kuma sel hanyar da suka tarar ita suke bi, zare a hargitse sel a hargitse. Ki nemi ganga mai juyawa zaren ya riƙa naɗuwa a kanta, ki fara da zagaye 1000 a minti ki dinga ƙarawa kina dubawa a madubin ƙara girma, in gudun ya yi yawa kuma zaren tsinkewa yake. In babu ganga a lab ɗinku ki ajiye ƙarafa biyu gefe da gefe da tazarar santimita ɗaya ko biyu, zaren zai miƙe tsakaninsu a jere, sai dai ba ya kauri. Maganar otokilef kuwa, PCL a wajen digiri 60 yake narkewa, otokilef 121 ne. Ki kashe ƙwayoyin cutar da itanol kashi 70 da fitilar UV, sannan ki wanke da PBS, ruwan gishirin nan na lab, sau uku.

Anti_Mai_Inkubeta:
Rashin kamawar nan abu biyu nake zargi. PCL ba ya son ruwa ko kaɗan, ɗiga ruwa a kai ki gani, tsayawa zai yi kamar a kan ganyen gwaza, to ta ina sel zai manne? Ki jiƙa shi a NaOH, wato ruwan soda mai ƙuna, na ɗan lokaci ko ki shafe shi da jelatin. Na biyu ragowar DMF, ba ya saurin fita kuma yana kashe sel, ki busar da ragar a bakiyum, wato akwatin da ake zuƙe wa iska, ta kwana ko ma kwana biyu kafin ki shuka komai. Af, ki karanta jikin kwalbar jelatin ɗin, nau'in A yawanci daga fatar alade ake yinsa, B na saniya ne, akwai na kifi ma in za ki fi natsuwa da shi. Sannan kin canza musu abinci kuwa? In sun kusa cika fili dole ki sauke daga FBS, wato siram (ruwan jini) na ɗan tayin saniya, kashi 10 zuwa siram ɗin doki kashi 2, in ba haka ba haihuwa kawai za su yi ta yi ba za su haɗe su zama zare ba. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ya kamata ki fara gani.

Ɗan_Zariya:
Duk na yarda amma ni PCL zalla bai kwanta min ba a aikin tsoka, ya yi tauri da yawa, tsoka laushinta wajen kilofaskal 12 ne kawai, ga shi yana shekara biyu zuwa uku bai ruɓe a jiki ba. Ki gwada cakuɗa shi da jelatin tun a sirinjin na'urar saƙar. Kuma kar ki yi zalamar kauri, iskar oksijin ba ta ratsa abin da ya wuce maikuron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, in babu jijiyoyin jini, na tsakiya mutuwa za su yi. Ki riƙa rubuta danshin ɗakin ma, zaren da aka yi da damina ba ɗaya yake da na hunturu ba.

Ɗalibar_Mastas:
Allah ya saka da alheri. Wallahi Anti ban canza siram ba, FBS nake ta ɗura musu. Ganga babu, gobe zan gwada ƙarafan. NaOH ɗin ƙarfinsa mola nawa kike sawa, kuma minti nawa?