Akushi da tambari suna tsagewa da hunturu, mene ne abin yi?

Ɗan Kwarbai:
Salamu alaikum. A wani ɗakin adana kayan tarihi a nan Zariya, tsofaffin akusa da wani tambari suna buɗe baki duk hunturu, da damina kuma tsagar ta rufe. A cike ta da gam ne, ko a shafa mai?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Don Allah kada a cike. Icce ko ya shekara ɗari yana shan laimar iska yana sakinta. A Zariya laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Janairu, ta haura 80 a Agusta. Ruwan da ke jikin iccen sai ya tashi daga wajen kashi 4 ya kai 16. Kumburin a faɗi yake, tsawon kusan ba ya motsi, kuma kumburin ta zagayen gungume ya kusa ninka wanda yake yi daga tsakiya zuwa waje. Shi ya sa akushin da aka sassaƙa daga gungume ɗaya yake tsagewa daga baki. In ka cusa gam mai tauri yanzu, damina na zuwa iccen zai matse shi, tsagar ta ƙara gaba.

Hajiya Samaru:
Gaskiyar Malam. Mai ma a bar shi, ƙura yake kamawa ya yi baƙi, kuma ba ya hana laima shiga. A sa kayan a akwatin gilashi mai rufuwa ruf, da silika jel (ƙwayoyi masu shan laima suna sakinta) kamar kilo 20 ga kowace mita kubik, wanda aka riga aka daidaita shi a kan laima kashi 50. Busasshe ƙarau daga leda zai ƙara tsotse iccen ne. A sa ma'aunin laima a ciki, a riƙa rubutawa safe da yamma. Tsakanin 40 da 60 ake so. Ya wuce 65 ya daɗe, funfuna ce ke biyowa.

Injiniya Sabon Gari:
A kula da AC. A kunna, NEPA ta ɗauke, a sake kunnawa, wannan hawa da saukar laimar ma ɓarna yake yi. Gara ɗaki na tsakiya mai kaurin bango, kaya a kan kanta, nesa da ƙasa da taga.

Malam na Tudun Wada:
Shi tambarin, ɗana, fatarsa ta fi iccen saurin ƙanƙancewa. Kada a ɗaure igiyar tamau da damina, hunturu zai ja ta har fatar ta yage daga gefe.