Wace kalma ce za ta maye gurbin "prognosis" a bakin likita?

Assalamu alaikum. Na kawo wannan magana gaban malamanmu na harshe da ma'aikatan lafiya ne saboda abin da ya same ni ranar da na raka goggona asibiti, na zama tafinta tsakaninta da likitan da ba ya jin Hausa. Ciwon dajin mama ne, kuma ya riga ya bazu har cikin ƙashi. Likitan ya ce in tambaye ta ko tana son a yi maganar prognosis, sai na yi sororo, domin duk kalmar da ta zo mini baki sai in ji kamar zan ce mata likita ya san ranar mutuwarta. Ɗanta kuwa yana ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, alamar kada in kuskura.

Asalin kalmar Girkanci ne, kuma ma'anarta sanin abu tun kafin ya auku. Idan aka fassara ta haka kai tsaye an shiga hurumin gaibu, kuma duk wanda ya san ƙarshen Suratu Luƙman zai ƙi ta nan take. Alhali abin da likita yake yi daban ne: yana duba irin ciwon da matakin da ya kai da ƙarfin jikin mara lafiya, sannan ya kwatanta da yadda ta kasance ga ɗimbin mutanen da aka gani da irin wannan hali.

Na fara tunanin "makomar ciwo", amma na ajiye ta. Bahaushe idan ya ji makoma, lahira yake tunawa, shi ya sa muke cewa Allah ya kyautata makoma bayan an yi rasuwa, kuma bai dace a jefa wa mai jinya wannan kalma ba tun yana zaune yana shan kunu. "Kintace" kuma ta yi sauƙi da yawa, domin tana nuna faɗar abu ba tare da hujja ba. "Kirdado" ta fi ta nauyi, sai dai ta fi dacewa da adadi.

Abin da na tsaya a kansa shi ne "hasashen tafiyar ciwo". Jama'a sun saba da hasashen yanayi a rediyo, manomi yana saurarensa kafin shuka, ba ya ɗaukarsa duba, kuma ya san yana iya saɓawa. Wannan saɓani gaskiya ne a wajen likitoci ma. A binciken da wasu likitoci biyu, Christakis da Lamont, suka yi a Amurka kuma suka wallafa a shekarar 2000, kashi 20 cikin ɗari ne kawai na hasashen likitoci game da kwanakin masu jinyar ajali ya yi daidai, kashi 63 kuwa sun zarce abin da ya faru. Ta ɗaya ɓangaren, an gano wa masanin halittu Stephen Jay Gould wani ciwon daji a 1982 wanda rabin masu shi ba sa wuce wata 8, amma ya ƙara shekara 20 a duniya.

Kalmar "tafiya" ce ta fi burge ni, domin tafiya tana da zango, kuma masu ciwon da ya yi nisa ba duka suke son a kai su zango ɗaya ba. Wani yana son ya san ko ciwon zai warke, daga nan ya ce ya isa. Wani yana son sanin abin da zai biyo baya, ko zai iya sallah a tsaye, ko zafin zai ƙaru. Wani kuma sai an lissafa masa watanni, saboda yana da bashi da wasiyya da 'ya mai jiran aure. Da wannan kalma likita zai iya cewa, "Hajiya, har ina kike son in gaya miki game da tafiyar ciwon nan?", ita kuma ta zaɓi inda za a tsaya. Goggona ba ta nemi adadi ba. Cewa ta yi a tambayar mata ko za ta iya azumin bana.

Rashin kalma yana da illa, domin shiru yakan bar mutum cikin zaton da ba shi ba ne. Wani bincike na 2012, shi ma a Amurka, ya nuna cewa kashi 69 cikin ɗari na masu dajin huhu da ya bazu, da kashi 81 na masu dajin hanji, ba su fahimci cewa da wuya maganin da ake ɗura musu ya warkar da su ba, kuma galibinsu da harshensu ake yi musu bayani. Ina ga inda sai an bi ta bakin tafinta?

Na san kalma uku ta yi tsawo, kuma a bakin ma'aikatan jinya za ta koma "hasashen ciwo", wanda ban ga laifinsa ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, inda likita ke cewa pronostic da Faransanci, ku gaya mana abin da tafintoci ke faɗa a asibitocinku, domin ƙila kun riga mu samun wadda ta fi wannan.