uBlock Origin ya mutu bayan mizajur, injin bincike ma ya canja da kansa

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ordinater shida ne a wata sibar nan Damagaram, huɗu Windows 10, biyu tsofaffi masu Windows 7. Bayan mizajur, wato sabunta manhaja, uBlock Origin mai toshe talla ya mutu a Chrome na huɗun nan, maɓallin kunna shi ma ya ƙi taɓuwa. Talla ta dawo, mega na zuba kamar ruwa a rariya. Biyu daga cikinsu kuma, in an rubuta abu a sama, wani baƙon shafin bincike ke fitowa. Tsofaffin biyu Firefox ne a kansu, nan ma duk ekstansiyo, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa irin uBlock Origin, sun kashe kansu. A koma tsohon Chrome a hana shi mizajur, ko da wata dabara?

Mai Gyara Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam. Cuta uku ce ka haɗa a kwano ɗaya, maganinsu kuwa daban-daban.

Ta Chrome ba lalacewa ba ce. Google ne ya sauya ƙa'idar da ake gina ekstansiyo a kanta, daga Manifest V2 zuwa V3. Tun 2024 aka fara kashe masu tsohuwar ƙa'ida, daga Chrome 139 kuma ƙofar ta rufe gaba ɗaya. A tsohon tsari, duk abin da shafi ya nemo sai ya bi ta gaban uBlock Origin, shi ke cewa wannan ya wuce, wannan ya tsaya. A sabon tsari sai dai ya miƙa wa Chrome jerin dokoki tun da wuri, kuma jerin na da iyaka.

In dole sai Chrome, ka sa uBlock Origin Lite, shi ma na Raymond Hill ne mai uBlock Origin na asali, ka duba sunan da kyau don masu kwaikwayo sun yi yawa. Matakin tacewa uku gare shi, ka kai shi na tsakiya ko na ƙarshe. In kana son cikakken uBlock Origin, Firefox na ɗaukarsa har yanzu. Sauke babban fayil ɗin sakawa sau ɗaya, bai kai mega 100 ba, ka zuba a kile ka zagaya da shi. Kafin ƙaura ka danna Ctrl+Shift+O a Chrome, ka fitar da adireshin da aka ajiye zuwa fayil na HTML don ka shigar da su Firefox.

Batun hana mizajur kuwa, kar ka fara. Ordinater da ɗalibai ke buɗe imel ɗinsu a kai su cike takardun jami'a, ba a barinsa da ramukan da aka riga aka sani.

Ƴar Zango:
Yaya, na shafin binciken nan ba ruwan mizajur. Wani ne ya sauke manhajar kyauta, irin na juya PDF ko sauke bidiyo, ya yi ta danna "Suivant" bai karanta ba. Canja injin bincike a saituna kaɗai ba ya yi, da an sake buɗewa zai dawo, don mai canja shi na nan zaune.

Fara da chrome://extensions, cire duk wanda ba kai ka sa ba. Sai chrome://settings/searchEngines, ka mayar da wanda kake so, ka goge baƙon. In ya ƙi goguwa, ko ka ga "Géré par votre organisation" a ƙasan menu alhali ba ma'aikata ba ce, buɗe chrome://policy. Dokar da ka gani can a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, aka dasa ta, sai an cire manhajar da ta kawo ta sannan a share dokar. Wurin da aka fi mantawa shi ne gunkin Chrome na kan allo: danna dama, "Propriétés", dubi layin "Cible". In akwai adireshin intanet bayan chrome.exe, share shi.

Zaɓin inji kuma, ga mai neman abu da Hausa ni Google na fi ba shawara. DuckDuckGo yawancin sakamakonsa daga Bing yake, amma lite.duckduckgo.com rubutu ne zalla, yana buɗewa ko rezo na jan ƙafa. Ko wanne ka ɗauka, gwada kalma da lanƙwasa da kuma babu, "ƙasa" da "kasa", don masu rubutu da yawa ba sa sa ta.

Tsohon Injiniya:
Tsofaffin biyu, kafin komai dubi agogo a kusurwar allo. Akwai ƙaramin batir CR2032 a kan allon uwa, wato babban allon cikin ordinater, faɗinsa kamar kwabo. In ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, Firefox ya kasa gaskata sa hannun ekstansiyo, shafuka ma su riƙa kukan satifiket.

In agogo daidai yake, to lambar Firefox ɗin ce ta tsufa. Ran 14 ga Maris 2025 wani tushen satifiket na Firefox ya ƙare, duk wanda bai kai 128 ba, ko 115.13 a layin ESR mai dogon tallafi, ekstansiyo ɗinsa suka mutu. Windows 7 ba ya wuce 115 ESR, sai ka sa na ƙarshe a layin. Chrome kuwa a 109 ya tsaya masa tun farkon 2023, kar ka dogara da shi.

Ƙanwata Ƴar Zango ta yi daidai, abu ɗaya zan ƙara: a sibar, asusun da kwastoma ke zama a kai kar ya zama na administrater, in ba haka ba kowane sati sai kun maimaita sharar nan.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Ɗaya daga tsofaffin 2010 agogonsa ke nunawa. In na sa Lite da wani mai toshe talla tare, zai cike giɓin?

Mai Gyara Sabon Gari:
A'a Malam, ɗaya tak. Biyu na taka ƙafar juna, shafi ya fito rabi, ka rasa wanda ya karya shi.