Wani littafi ya hana ni rubuta waƙa, ku ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Maradi, bana zan zauna bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Malaminmu na Faransanci ya ba mu wani ƙagaggen labari na saurayin da ke son zama marubucin waƙa, a lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, bayan sojojinta sun shiga Paris a Yunin 1940. Yaron na rubuta baitocin soyayya a bayan takardar rabon burodi, har ranar da aka tafi da abokinsa. Daga nan alƙalami ya gagare shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni ma ina da kaye, wato littafin rubutu, cike da waƙoƙin damina da na kakata. Amma gwaggota da ke Gidan Runji kullum sai ta ba mu labarin mutanen da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara tun 2019 saboda 'yan bindiga. Yanzu waƙoƙina sun zame mini wasan yara. In rubuta a kan mutanen nan, ni da ban taɓa kwana a daji ba? Ko in ajiye biro?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam ɗiyata. Sa'adu Zungur bai je ƙasar Bama (Burma) ba, amma ya yi wa sojojin Najeriya da suka dawo daga can bayan Yaƙin Duniya na Biyu waƙar maraba, har yau ana karanta ta. Abin da zan hana ki shi ne ki ari bakin waɗanda suka gudo ɗin. Kada ki ce "na gudu", ki ce "na ji". Ki roƙi gwaggonki ta kai ki wurin mace ɗaya, ki zauna, ki saurara, kada ki fito da kaye a gabanta.

Maman 'yan biyu: Ni dai bak nake gani. Waƙa ba ta gudu, jarrabawa kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara.

Jikan tsohon soja: Ƙanwata, littafin naku ya ambaci baƙaƙen sojojin da suka yi wa Faransa wannan yaƙin? Da wuya. Kakana na cikinsu. Wasu da suka dawo, harbe su aka yi a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, don sun nemi kuɗinsu. Tsoho ya rasu da labarinsa a ciki, babu wanda ya tambaye shi, mu ma muna yara ba mu san darajar abin ba. Ki rubuta.

Mai tambaya: Wallahi bai ambace su ba ko sau ɗaya. To waƙoƙin daminar fa, in yaga su?

Malam na Zariya: Haba! Waɗanda suka gudo ma manoma ne, damina ce ta fi yi musu ciwo. Turo mini biyu daga ciki in duba miki kari da amsa-amo, sauran sai bayan bak, kamar yadda Maman 'yan biyu ta faɗa.