Famit ɗin fakin a ƙofar gida: kariya ce ko tatsar kuɗi?

Baban Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa na Landan. Yau na sabunta famit ɗin motata, raina a ɓace. Ina biyan haya, ina biyan harajin gida duk wata, amma in ajiye mota a bakin titin ƙofata sai na sake biyan ƙaramar hukuma kuɗin shekara. Kuma sun rubuta ƙarara cewa famit ba ya ba ka tabbacin samun wuri. Jiya bayan isha'i sai a layi na uku na samu, ga ruwa ana yi, ga yara sun yi barci a baya. Ni dai na ce wannan tsari tatsar kuɗi ce zalla. Mai ja ya fito.

Maman Abba: Wa alaikumus salam. Ni ina ja, Yaya. Daga gidanmu zuwa tashar jirgin ƙasa tafiyar minti biyar ce. Kafin a kawo tsarin, ƙarfe bakwai na safe mutanen bayan gari sun cika mana layi, su kulle mota su hau jirgi, ba za ka sake ganinsu ba sai magariba. In na kai yara makaranta na dawo, sai in yi ta zagaye. Mu da kanmu muka tara sa hannu muka roƙi a yi mana shiyyar famit. Yanzu awa biyu kacal ake hana baƙin motoci da tsakar rana, kuma awa biyun sun isa su kori mai barin mota wuni guda.

Ɗan Zariya: Malam Baban Ikram, doka ma ba ta yarda da abin da kake zargi ba. Dokar tsara zirga-zirgar ababen hawa ta 1984, sashe na 55, ta ce kuɗin fakin asusunsa daban, kuma in an samu rara sai dai a kashe ta a abubuwa irin su gyaran titi, sufurin jama'a da inganta muhalli. An ma gwada wannan a kotu. A 2011 ƙaramar hukumar Barnet ta nan Landan ta ɗaga famit ɗin mota ta farko daga fam 40 zuwa fam 100, katin fakin da ake saya wa baƙo kuma daga fam 1 zuwa fam 4. Wani mazaunin yankin ya kai ƙara, a 2013 Babbar Kotu ta ce ƙarin haramtacce ne, domin an yi shi ne don tara kuɗi, ba don daidaita fakin ba.

Baban Ikram: To ai hujjata ka kawo, ɗan uwa. Ga su nan an kama su dumu-dumu. Da mutumin bai je kotu ba fa? Sannan rarar da kake faɗa, a nan Landan da ita ake taimakawa wajen biyan katin hawa bas da jirgi kyauta na tsofaffi. Kuɗin da dole su nemo daga wani wuri, sai su ɗauko daga aljihuna.

Ɗan Zariya: A nan kana da gaskiya. Abin da kotu ta hana shi ne a sanya farashi da niyyar samun rara. In rarar ta zo da kanta, halas ce gare su. Tabbatar da niyya kuwa aiki ne ja.

Hajiya Mai Shago: Ku masu gida kuna kukan daɗi, 'ya'yana. Ku zo ku ji namu na 'yan kasuwa. Famit ɗin kasuwanci da nake biya wa motar kayana ya ninka na mazauni sau da yawa, kuma sai na nuna musu cewa motar ta aikin shago ce, ba ta zuwa aiki da komawa gida ba. Yaran shagona biyu ba su da haƙƙin famit ko ɗaya. Babban abin da ke ci min rai shi ne masu sayayya. Mai sayen buhun shinkafa da jarkar manja ba zai ɗauke su a ka zuwa bas ba. Ya zo bai ga wurin tsayawa ba, ko ya tsaya minti biyar ya fito ya tarar da takardar tara a gilashi, shi ke nan ya koma babban kanti mai filin fakin kyauta. Mutum uku na sani da suka daina zuwa saboda haka, kuma dukkansu sun faɗa min da bakinsu.

Direban Tasi: Hajiya Allah ya ƙara haƙuri. Ni nawa kukan na motar dizal ne. Tun 2001 gwamnati ta ɗora harajin mota a kan yawan iskar kabon da take fitarwa, masu dizal suka samu sauƙi, mutane suka yi ta saye. Daga baya aka juya. Ƙaramar hukumar Islington ta nan Landan ta sa ƙarin fam 96 a kan famit ɗin motar dizal a 2015, wasu ƙananan hukumomi suka bi sahu. Wanda ke da kuɗin sabuwar mota mai lantarki ya biya kaɗan, mai tsohuwar mota ya biya da yawa.

Maman Abba: Malam, a kan dizal ba zan goya maka baya ba. Abba na da asma, na san daren da muke kwana zaune. Hayaƙin nan ba wasa ba ne.

Direban Tasi: Allah ya ba shi lafiya, Maman Abba, ban musa ba. Amma dubi maƙwabcina mai farfajiya a gaban gida. Motoci biyu gare shi manya, duk dizal, ko kwabo ba ya biya na famit, tunda ba a titi yake ajiyewa ba. Hayaƙinsa bai kai hancin Abba ba ne? Famit mu 'yan haya kawai yake kamawa.

Maman Abba: Wannan kam ban da amsarsa.

Amaryar Bana: Ku da ake sayar wa famit ma ku gode Allah. Mun tare a sabon bene, na tura takardun mota da na haya, aka ce gininmu na cikin waɗanda aka ba izinin ginawa bisa sharaɗin mazaunansa ba za su samu famit ba. Duk mai neman haya a sabon gini ya tambayi wannan kafin ya sa hannu.

Baban Ikram: Kun gani ko? Ni har yanzu ina kan bakana, sai dai na yarda layin su Maman Abba na bukatar tsarin. Namu ne ba ya bukatar hani tun safe har dare.

Ɗan Zariya: To wannan ana iya yaƙarsa. In za su kafa sabuwar shiyya ko su sauya awanni, dole su buga sanarwa su ba da aƙalla kwana 21 na ƙorafi a rubuce. Mu ne ba ma rubutawa.

Hajiya Mai Shago: An liƙa irin wannan sanarwa a jikin fitilar titinmu makon jiya. Ɗana Ɗan Zariya, gobe bayan azahar ka biyo shago ka taya ni rubutawa. Wuri biyu nake nema a gaban shagunanmu, na minti ashirin kyauta, da wurin sauke kaya da safe.